Tsamiyar Inna a Shagon Bindiga

Na ga bidiyon da kuke ta turowa a guruf ɗin gida, na mutumin da ya ɗauko tsohuwar bindiga mai tsatsa ya kara ta a injin gogewa, kafin ka shanye shayi ta dawo tana walƙiya. Har Abba ya rubuto min wai, "Kawu, ashe aikin da ka yi a Amurka ke nan? Ai ba wuya." To bari in ba ku amsa gaba ɗaya. Da yatsa ɗaya nake dannawa, ku yi haƙuri da ni. Mutumin nan ba gyara ya yi ba, kashe bindigar ya yi sannan ya yi mata kwalliya.

Kun san ni ɗan maƙera ne. A Zariya babana ke gyara wa maharba bindigar toka, tun ban fi uwar maƙera tsawo ba nake zuga masa wuta. Karatun injiniya na zo yi Washington a farkon shekarun tamanin, da kuɗin gwamnatin jiha. Kuɗin ya fara zuwa a makare, daga baya ya manta hanya. Abokaina duk suka shiga tuƙin tasi. Ni tuƙina ba shi da kyau har gobe, matata Rakiya shaida ce. Ina yawon neman aiki a Annandale na ga wani ɗan shago tsakanin mai wankin kaya da mai gyaran talabijin, an jera tsofaffin bindigogi a bango. Ƙanshin mai da ƙarfe ne ya ja ni ciki.

Mai shagon wani dogon Bature ne, tsoho, Oga Hank. Bai tambaye ni takarda ba. Guntun ƙarfe ya miƙo min da magagari, ya ce in goge fuska ɗaya ta kwanta daidai. Na gama, ya ɗora rula a kai ya ɗaga wajen fitila, haske bai ratsa ba.

Ya ce, "Wa ya koya maka?"

Na ce babana.

"To shi nake so. Amma tunda yana nesa, ka zo Litinin."

Shagon na bindiga mai liba ne, ita ce ƙwarewarsa. Ita ce wadda kuke gani a fim ɗin kaboyi. Akwai wani ƙarfe kamar hannun buta a bayan kunama, ka tura shi ƙasa ya tofar da kwanson da aka harba, ka dawo da shi sama ya ɗora sabon harsashi. Harsasan kuma suna jere a cikin wani siririn bututu a ƙarƙashin hancin.

Aikin farko da ba na mantawa na wata tsohuwa ne da mijinta ya rasu, ta tsinto bindigarsa a saman silin cikin bargo. Ta ce tun kafin ta haifi 'yarta ba a harba ta ba, babu komai a ciki. Na karɓa zan ɗora a tebur, Oga ya ce in dakata. Ya juya hancin wajen buhun yashin da muke ajiyewa a kusurwa, ya yi ta buga liba, ba abin da ya fito. Na ce to shi ke nan. Shi kuwa ya kwance murfin bututun, ya karkata, ya ɗan bubbuga. Sai ga harsashi ya gangaro, ya yi kore don tsufa, ashe maƙalewa ya yi. Ya ɗora min a tafin hannu ya ce, "Sa a aljihu. Duk ranar da wani ya ce maka babu komai a ciki, ka taɓa shi." Yana nan a durowata har yanzu.

Sukuru ɗaya kan cinye maka yini. Oga ba ya yarda a taɓa tsohon sukuru da sukudireban kasuwa. Kowanne sai ka wasa masa nasa bakin, ya shiga tsagar cif, ba ya rawa. In ya zame ya yagi kan sukurun, duk wanda ya san bindiga zai gani daga bakin ƙofa ya ce jahili ya shiga cikinta. Tsatsa kuma ba a yi mata ƙarfi. Ka jiƙa ta da mai ka bar ta ta kwana, washegari ka ɗauko tsohon kwabon Amurka na jan ƙarfe ka riƙa kankarewa da gefensa. Ya fi tsatsa ƙarfi, amma bai kai ƙarfen bindiga ba, sai ya ɗauke dattin ya bar launin. In katakon gindin ya lotsa, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna da dutsen guga mai zafi, tururi ya kumbura wurin ya dawo. Dutsen gugar ma na matar Oga ne, ta daɗe tana nemansa a gida.

Inda na fi ba shi mamaki sifirin ne. Irin waɗannan bindigogi an daina yi musu kaya tun zamanin kakanni, in sifirin ya karye sai dai ka ƙera. Ka yanka, ka goge, ka gasa ya yi ja, ka tsoma a mai, ka sake ɗumama shi a hankali har ya yi shuɗi kamar wuyan tantabara. Wannan idon tun daga maƙerar babana na zo da shi.

Amma akwai abin da na zo da shi daga gida da sai da aka cire min. A Zariya in ka gyara wa maharbi bindiga ba ta yi ƙyalli ba, cewa zai yi ba ka taɓa ta ba. Satina na farko na ɗauko samfefa, Oga ya zare ta daga hannuna ya jefa a kwandon shara. Sai da muka zauna cin abinci ya ce, "Wannan duhun da ka ga ƙarfen ya yi, shekara ɗari aka yi ana shafa shi. Shi mutane suke saye. Ka iya cire shi a minti biyar, amma ba ka da shekara ɗarin mayarwa."

Kwastomominmu kashi biyu ne. Akwai maharba, masu zuwa da kaka in an kusa buɗe farautar barewa, kowa da bindigarsa ƙirar talatin-talatin da ya jefa a bayan mota tun bara, kowa yana so jiya. Akwai kuma masu tarawa. Su ba sa harbi. Da 'yar tocila suke zuwa, wani har da farar safar hannu, su yi ta leƙa sukuru kamar masu duban jariri. Suna da kulob ɗinsu, kuma bakinsu ɗaya. In ɗaya ya yabe ka ka samu goma, in ɗaya ya ɓata ka ka rasa duka.

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce shekarar da aka haifi ɗana Nura. Wani ƙaton kantin kayan wasanni ya buɗe a kan babban titi yana sayar da sababbin bindigogi da araha, maharba suka ga gara su sayi sabuwa da su gyara tsohuwa. Ana cikin haka Oga ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya fito asibiti sai dai a kawo shi a zaunar a kujera kusa da hita, magana da ƙyar, hannun aiki ya tafi. Mutane su leƙo su ga baƙin yaro shi kaɗai a tebur, su ce za su dawo. Matar Oga ta kira ni gefe ta faɗa min ba ɓoye-ɓoye: in 'yan kulob suka tsaya da mu zuwa sabuwar shekara, shago ya ci gaba a hannuna. In suka watse, za ta mayar wa mai gini makullinsa.

A wannan tsakanin wani lauya daga cikin Washington, babba a kulob ɗin, ya kawo bindigar da ban taɓa riƙe irinta ba. Mai kan tagulla ce, daga cikin na farko-farkon masu liba, harsashinta ma an daina yi. Tagullar ta yi duhu kamar zuma tsohuwa. Ta kakan mahaifinsa ce, liba ta saki, tana lilo. So yake a gyara ya mayar wa mahaifin nasa ranar bikin cikarsa shekara tamanin. Ya dube ni, ya dubi Oga, ya ce, "Sifirin kawai. Launin nan kada ko numfashi ya taɓa shi." Na gane gwaji ne. Kulob ɗin gaba ɗaya yake tsaye a bayansa.

Na kwance ta. Gefe da gefen kan akwai faifai biyu na tagulla masu rufe kayan ciki, kowanne kamar tafin hannu. Ina cikin aikin Rakiya ta haihu. Mahaifiyarta, Inna, dama ta zo daga Zariya don wankan jego, da ƙullin kanwa da kuka da daddawa da tsamiya, yadda ta wuce da su filin jirgi Allah kaɗai ya sani. Gida ya cika da hidima, ni kuma ba na son aikin ya tsaya. Sai na zuba faifan biyu da libar a gwangwanin biskit na tafi da su gida, in an samu sarari in share maiƙon da ya daskare ta ciki. Na ɗora gwangwanin a saman firij.

Washegari na tafi Wheaton sayayyar suna. Ina buɗe ƙofa da dawowa na ji ƙanshin tsamiya, na ce yau akwai kunu. Na leƙa kicin. Inna ce zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, ga kwano da jiƙaƙƙiyar tsamiya da gishiri, ga gwangwanina a buɗe. Faifai ɗaya yana jingine da firij, ina ganin fuskata a ciki. Na biyun yana hannunta, ta ci rabi.

Ku da aka haifa a nan za ku ce me ya hana in ce mata ta tsaya. Suruka ce. Ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Na ajiye leda, na cire takalmi, na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, barka da gida."

"Barka kadai, Malam Shehu. An dawo? Ya sanyin?"

"Da godiya. Sannu da aiki, Inna."

"Yawwa. An samu citta?"

"An samu."

"Kanumfari fa?"

"Har shi."

Tana magana hannu yana zagayawa. Ina durƙushe ina kallon shekara ɗari tana narkewa a cikin kwano.

Ta ce, "Wai waɗannan na mene ne? Allura nake nema na buɗe na tarar da su baƙi ƙirin. Tagulla mai kyau irin ta Bida, an bar ta ta lalace. Ni ba haka na koya wa Rakiya ba."

"Na wajen aiki ne, Inna."

"To gara da na gani. Da ka kai wa mutane haka ai sai a ce ba ka da mata."

"Allah ya saka da alheri. Inna, ko a huta haka? Kada hannu ya gaji."

"Wace gajiya? Zaman banza ne ke gajiyar da ni a garin nan."

Na ja da baya na faɗa ɗaki wajen Rakiya, na raɗa mata abin da ke faruwa. Ta toshe baki tana dariya har yaron ya saki nono.

"Malam, kai ma dai. Ka sa ƙarfe a gwangwanin biskit a gidan da Inna take?"

"Tashi ki karɓo."

"Jego nake, an hana ni tashi."

"Rakiya, shagon ne fa."

Sai ta ga fuskata, ta ɗaga murya ta ce Inna ta zo ta duba cibiyar yaro. Inna ta ce tana zuwa, bari ta ƙarasa ɗan abin da ya rage. Kuma ta ƙarasa. Ta ɗauraye, ta goge da bakin zani, ta kawo min su a faranti kamar goro.

Da safe na haɗa bindigar a shago. Sifirin ya zauna, liba tana rufewa da ƙara mai daɗi. Amma kan ya yi duhu, gefe da gefe suna walƙiya, kamar tsoho ya dawo da haƙorin Makka. Na kai gaban Oga na ba shi labari. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali yadda bakinsa ya iya, "Kyau dai ta yi kyau. Ka fara koyon tuƙi."

Na ce akwai maganin da ake turara wa tagulla ta yi duhu. Ya girgiza kai. Ya ce lauyan zai gane kafin ya kunna tocila, kuma daga ranar ba masu kuskure za a kira mu ba, 'yan damfara za a ce.

Ranar karɓa lauyan bai zo shi kaɗai ba. Mahaifin ya shigo gari ganin likita, ya ji inda za a, ya ce sai ya biyo. Wani ɗan gajeren dattijo ne da hular manoma, daga can ƙauyukan Virginia wajen duwatsu. Na shimfiɗa bargo na ɗora bindigar.

Lauyan ya yi ja har kunne. Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi muni. Ya ce, "Abu ɗaya na ce kada a yi." Ya juya wajen Oga ya ce kafin Lahadi kowa a kulob zai ji. Na ce laifin shago ne.

Dattijon bai kula mu ba. Ya sa tabarau, ya ɗauki bindigar, ya duba cikinta da kansa, ya buga liba ya kasa kunne. Ya shafa faifan da babban yatsa. Har sansanawa ya yi.

Ya ce, "Wa ya goge?"

"Ni ke da alhaki, yallaɓai."

"Ba alhaki na tambaya ba. Wannan ba inji ba ne. Zagaye-zagaye aka bi shi, kamar gindin tukunya. Mace ce."

Na ce surukata ce, na faɗa masa yadda aka yi, da haihuwar da gwangwanin da durƙuson. Ya yi dariya har sai da ya nemi kujera. Ya ce yana yaro a saman ƙofar kicin ake rataye bindigar nan, kuma duk shekara in sanyi ya wuce kakarsa takan sauko da ita ta goge da ruwan tsamin binega da gishiri, tare da fitilu da mariƙin ƙofa. In rana ta shigo da safe har bango take haskawa. Tun da tsohuwar ta rasu ba wanda ya ƙara taɓawa.

"Duhun nan da kuke ta lallaɓawa," in ji shi, "ƙiwuyarmu ce."

Lauyan ya ce, "Baba, rabin darajarta ya tafi."

"Sayarwa za ka yi?"

"A'a, amma wata rana..."

"In na mutu ko? To ka jira, ban shirya ba." Ya juyo wajena. "Ka kawo matar ta ƙarasa. Ba zan rataye ta rabi fari rabi baƙi kamar saniya ba."

Oga Hank ya yi wani nishi kamar ana cire masa haƙori.

Kafin su fita dattijon ya tambayi yaushe ne bikin yaron, na ce jibi, rago ma nake nema ban samu ba. Ashe tumaki yake kiwo. Ya ce mu zo gona mu zaɓa mu yanka yadda addininmu ya ce. Ragon sunan Nura daga can ya fito, haka ragunan layyar rabin Hausawan Annandale da Takoma Park na shekaru bayan nan.

Bayan suna na aika wa Inna ta bakin Rakiya cewa mai kayan ya yaba, yana roƙon a ƙarasa. Ta zo shago da zani da mayafi da kot ɗin Rakiya a sama, ƙullin tsamiya a hannu. Na cire katakon, na naɗe hancin da tsumma don kada tsami ya taɓa baƙin ƙarfe. Ta dubi bango, ta dubi abin da na ajiye mata.

"Ashe bindiga ce. To ai ko ta Sarkin Baka ba a barinta da dauɗa haka."

Ta ƙi kujera, ta shimfiɗa kwali ta zauna a ƙasa. Dattijon ya ja benci kusa da ita. Ba ta jin Turanci, ba ya jin Hausa, amma sun yi hira har la'asar, yana nuna mata lungun da kakarsa kan bi da tsinke, tana ture masa hannu. Maharba biyu suka shigo suka tsaya kallo. Oga ya juya kujerarsa ya fuskanci bango har aka gama.

Kada fa ku ce Kawu ya ce a goge. Lauyan gaskiya ya faɗa, a kasuwa bindigar ta faɗi, kuma da wani ne mai ita da a kotu za mu ƙare. Ya kwashe sauran bindigoginsa, wasu 'yan kulob suka bi shi, ba su dawo ba. Abin da ya cece mu dattijon ne. Duk wanda ya shiga kicin ɗinsa sai ya ba shi labari, ya sa shi ya buga libar ya ji. Kafin farauta ta ƙare manoman yankinsu sun fara zuwa da nasu, na kakanni, masu karyayyen sifirin da kanti ba ya sayarwa. Sabuwar shekara ta zo, matar Oga ta miƙo min makulli ta ce in daina barin hita a kunne. A teburin nan na ƙarasa shekarun tamanin, da shi na ƙarasa digirin ma.

Inna har ta koma ga Allah tana ba da labari a Zariya cewa Turawa suna da komai amma ba su iya wanke tagulla ba, sai da ta je. Ban taɓa gyara mata ba.

Ranar da za ta koma gida ta ba ni sauran tsamiyar a ƙulle, ta ce in kai wa tsohon nan marar lafiya, ta ga bangonsa cike da bindigogi duk sun yi baƙi, a riƙa yi musu ko ɗaya-ɗaya ne. Na kai masa na fassara saƙon. Ya karɓa da hannun hagu, ya jujjuya, ya ce in yi mata godiya sosai. Sannan ya nuna min akwatin ƙarfen da muke kulle albarushi.

"Sa a can," in ji shi. "Ka ba ni makullin."